Cire Kunkunniya Daga Injin Ban Ruwa da Yadda Ake Kula da Shi

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1993, lokacin da aka fara Shirin Fadama na Ƙasa da tallafin Bankin Duniya, ƙaramin injin ban ruwa mai amfani da fetur ya maye gurbin jigo a yawancin fadamun Arewa. Manoman rani na ƙasar Bolewa, daga kewayen Potiskum zuwa fadamun kogin Gongola a yankin Fika, sun dogara da shi wajen noman albasa, tumatir da tattasai. Idan inji ya tsaya a lokacin da tumatir ke fure, 'yan kwanaki kaɗan na ƙishirwa sun isa su zubar da furen. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, injin da ke shan mai fiye da kima ya zama babbar kafar asara. Ɗaya daga cikin dalilan hakan shi ne taruwar kunkunniya, wadda makanikai ke kira kabon.

Abin da ke kawo kunkunniya

Kunkunniya ita ce ragowar man da bai ƙone sarai ba, wanda ke daskarewa a kan fistin, bawul, filogi da cikin salansa. Abubuwan da ke haddasa ta su ne:

1. Toshewar matatar iska saboda ƙurar hunturu. Iska ta ragu, fetur ya yi yawa.
2. Barin cok a rufe bayan inji ya tashi.
3. Gurɓataccen fetur ko wanda ya daɗe a tanki.
4. Zuba baƙin mai fiye da ma'auni, ko ajiye inji a karkace a gaɓar rafi.
5. Cinyewar ringi, wadda ke barin baƙin mai ya haura ya ƙone.

Alamomi

Inji zai riƙa wuyar tashi, ƙarfin ruwa ya ragu, ya yi zafi da wuri, wani lokaci a ji yana ƙwanƙwasa. A lura da hayaƙi: baƙi na nuna yawan fetur ko ƙarancin iska, shuɗi kuma na nuna baƙin mai ne ke ƙonewa. Filogi mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne, ba baƙi ba.

Matakan cirewa

Wannan bayani ya shafi inji mai silinda ɗaya irin Honda GX160 da makamantansa.

1. A bar inji ya huce sarai, a rufe fetur, a zare hular filogi.
2. A cire salansa, kafireto da murfin bawul, a zare sandunan da ke tura bawul. A jera kaya a kan tsumma mai tsabta bi da bi.
3. A kwance ƙusoshi huɗu na kan silinda kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga kusurwa zuwa kishiyarta.
4. A juya inji da hannu har fistin ya hau can sama, don kada datti ya faɗa ciki.
5. A jiƙa kunkunniyar da kananzir, a kankare da guntun katako ko roba mai tauri. Kada a sa wuƙa ko sukundireba, domin alminiyam ba ya jure karta.
6. A goge tas, a sa sabon gasket. Tsohon ba ya sake riƙe iska.
7. A ɗaure ƙusoshin yadda aka kwance su, sannu a hankali.
8. A daidaita tazarar bawul inji na sanyi: milimita 0.15 a na shigar mai, 0.20 a na fitar hayaƙi.
9. A goge filogi da burushin waya, a saita tazararsa tsakanin milimita 0.7 da 0.8, sannan a yi juyen mai.

Manomin da ba shi da ma'aunin tazara ya kai wa makanike ya yi masa mataki na 7 da na 8. Idan shuɗin hayaƙi bai daina ba, ringi ne, kankara ba ta maganinsa.

Rigakafi

Sabon inji a juye masa mai bayan awa 20, daga nan duk bayan awa 100. Yana cin kimanin lita 0.6. A wanke soson matatar iska duk bayan awa 50, amma a lokacin hunturu a duba shi kullum. Injin da ke aiki awa 6 a rana zai cika awa 100 cikin kwana 17, don haka a riƙa rubuta awannin aiki a littafi. A ƙarshen rani a tsiyaye fetur daga tanki da kafireto kafin ajiya.

Tarakta mai tabo

Wasu taraktoci na da na'urar cusa iska da ake kira tabo, wadda hayaƙi ke juyawa cikin tsananin zafi. Idan aka kashe inji nan take bayan huɗa, baƙin mai zai tsaya ya ƙone a cikinta ya zama kunkunniya. Direba ya bar inji na aiki a hankali minti 2 zuwa 3 kafin ya kashe. Kwance irin wannan inji aikin ƙwararru ne.

Gargaɗi

Kada a ɗura ruwa ta kafireto da sunan wanke inji, domin ruwa ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa sandar fistin. Haka kuma, hayaƙin inji na ɗauke da guba marar wari wadda ke kisa. Manoman da ke saukar da inji cikin rami don kusantar ruwa kada su zauna a ramin inji na aiki, kada kuma a tayar da shi cikin ɗaki.

Ana shawartar malaman gona da su shirya gwajin wannan aiki ga ƙungiyoyin manoman fadama a watan Oktoba, kafin a fara dashe. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona mafi kusa.