Yadda Ake Haɗa Romon Ƙashi a Gida

Kyan romon ƙashi daga teburin mahauci yake farawa. Idan uwargida ta aiki yaro da saƙon "a ba ni ƙashi" kawai, ragowar da ba wanda ya taya za a tattara masa. Gara ki je da kanki, ko ki faɗi abin da kike so dalla-dalla: dogon ƙashi mai ɓargo, gaɓoɓi irin su gwiwa masu guringuntsi da jijiya, sai kuma wuya ko jela saboda ɗan naman da ke manne da su. Ɓargo ke ba da maiƙo, naman jiki ke ba da ɗanɗano, gaɓoɓi kuma su ke ba romo kauri. In da hali a samu ƙafar sa guda, domin babu abin da ya kai ta a wannan aiki. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa ita ake dafa wa mai jego a ƙauri, ita ce kuma ginshiƙin langaɓu bayan layya. Ki ce wa mahaucin, "Malam, a sara mini ƙashin gida uku, kada a zubar da ɓargon."

Sara da gatari yana barin ƙananan tsinin ƙashi, don haka a wanke sosai, ana shafawa da yatsa ana cire su. Ƙafar kuwa sai an babbake ta, an kankare, an cire kofato, an wanke har ƙaurin hayaƙi ya fita. Daga nan a zuba ƙasusuwan a tukunya da ruwan sanyi, a bari su tafasa kamar minti 10. Za ki ga kumfa mai launin toka ta taru a sama, jini ne da ya daskare, kuma yawancin ƙarnin nan a cikinta yake. A zubar da wannan ruwa baki ɗaya, a ɗauraye ƙashi, a wanke tukunya. Wasu na ganin asara ce, amma a minti 10 ƙashi bai saki komai mai amfani ba tukuna. Mai son romo mai duhu da ƙamshin gashi tana iya ɗan gasa ƙasusuwan a kan garwashi har su yi ja kafin ta mayar da su tukunya.

Yanzu a zuba sabon ruwan sanyi, kimanin lita 2 ga kilo 1 na ƙashi, yadda zai sha kansu da kamar yatsa biyu. Ruwa in ya yi yawa romo salam zai fito. Da zarar ya tafasa sai a rage wuta, kuma nan ne aikin yake. Ba a so tukunya ta riƙa ɓararraka. Abin da ake so shi ne ki leƙa ki ga saman ruwan yana ɗan motsi, ƙwayar tafasa tana tasowa nan da can, ɗaya bayan ɗaya. Wuta mai ƙarfi tana dama kitse da ragowar kumfa cikin ruwan, romo ya gurɓace, ya yi nauyi a baki, ruwan kuma ya ƙone kafin ƙashi ya saki abin da ke jikinsa. A guringuntsi da jijiya akwai wani sinadari da ake kira kolajin, wanda ba ya narkewa sai ya daɗe a ruwan zafi, shi ne ke sa leɓe ya riƙa ɗan mannewa bayan an kurɓa. Ƙashin sa yana son awa 6 zuwa 8, na rago ko akuya awa 4 zuwa 5, na kaza awa 3 ya isa. Tukunya mai kulle tururi tana gama na sa a kusan awa 2. Gawayi a kurfoti ya fi dacewa da irin wannan doguwar dahuwa. A bar murfi a ɗan karkace, a riƙa kwashe kumfa a awa ta farko, in ruwa ya ja baya a ƙara mai zafi.

Ban yarda da jefa kanwa don a gajarta lokaci ba. Tana sa ƙafa ta yi laushi da wuri, gaskiya ne, amma tana baƙanta romo, ta bar masa wani ɗanɗano da kayan ƙamshi ba sa iya rufewa.

Kayan ƙamshin ma ba a gaggawarsu. Sai saura kamar awa ɗaya a sauke ake saka albasa guda a raba biyu, da tafarnuwa, da ɗanyar citta, da masoro kaɗan, da kanumfari uku ko huɗu, da kimba ɗaya da aka fasa aka cire 'ya'yan, domin su ke kawo ɗaci. Gishiri a ƙarshe, tunda ruwan yana raguwa, abin da ya yi daidai da safe zai yi yawa da la'asar. Attaruhu da daddawa a bar su sai ranar da za a yi miya da romon. Romon da ya ji wuta yadda ya kamata, magi ba dole ba ne a cikinsa.

Idan jijiya ta saki, guringuntsi ya narke, ƙashi ya fita fes, an gama. A tsame ƙasusuwan, a zazzage ɓargon a ba yara, a tace romon da rariya mai ƙyalle a kai saboda tsinin ƙashi. Kada a bar shi ya kwana a tukunya yana hucewa da kansa, musamman a zafin bazara, domin romo saurin lalacewa gare shi. A rarraba a ƙananan kwanuka, a dasa su cikin ruwan sanyi, a kai firiji kafin awa 2. Da safe kitse zai daskare a sama, a ɗebe shi a yi suya da shi, a ƙasa kuma romon ya kama jikinsa, yana rawa in an taɓa kwanon. Yana kai kwana 3 zuwa 4 a firiji, wata 3 a firiza. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a dafa daidai wanda za a ƙarar a ranar, kuma da ya canza wari a zubar.

Romon ƙashi abinci ne mai ratsa jiki, yana taimakon mai jego da wanda ya tashi daga jinya ya kasa cin tuwo, amma ba ya maye gurbin magani. A kaɗa miyar kuka da shi, ko a zuba a dafa-duka ko faten tsaki a madadin ruwa. Ƙasusuwan da aka tsame ma ana iya mayar da su wuta karo na biyu, romon ba zai kai na farko kauri ba, amma ya isa dafa shinkafa.