Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi? Nazari a kan Tsoron Farin Ciki da Yi wa Kai Zagon Ƙasa

Gabatarwa

Kusan kowane aji yana da irin wannan ɗalibi. Ya fi kowa samun maki a jarrabawar gwaji, malami ya yaba masa a gaban jama'a, amma da babbar jarrabawa ta matso sai a daina ganinsa a laburare. Daren da za a shiga, yana can yana hira ko latsa waya har asuba. Idan sakamako ya fito bai yi kyau ba, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce: "Ai ban yi karatu ba ne, da na yi da na ci." Mu kuwa sai mu ce lalaci ne. Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nuna cewa sau da yawa tsoro ne ke sa hakan, kuma tsoron yana barin sawunsa a cikin jimlolin da mutum yake furtawa, inda ɗalibin harshe ya fi kowa damar gano shi.

Ma'anar kalmomin

"Farin ciki" harɗaɗɗen suna ne da aka gina daga siffa da suna, kishiyarsa kuma "baƙin ciki". Bahaushe ya ajiye jin daɗi a ciki, ya ba shi launi, kamar yadda ya yi a "farin jini" da "baƙin jini". Abin da ake nufi da tsoron farin ciki shi ne mutum ya riƙa jin cewa murna tana janyo masifa, don haka da ya ji daɗi ya fara shigarsa sai ya yi maza ya dakushe shi. Likitoci ba su sa shi cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a matsayin cuta mai zaman kanta ba, amma masana halayyar ɗan'adam suna auna shi.

"Zagon ƙasa" kuwa ɓarna ce da ake yi wa mutum a ɓoye. Idan aka haɗa ta da "kai", wato mai yi da wanda aka yi wa duk mutum ɗaya ne, an sami abin da Hausawa suke kira daɓa wa cikinka wuƙa, ko yi wa kai sakiyar da ba ruwa.

Abin da masana suka gano

Tun a shekarar 1916 Sigmund Freud, likitan nan na ƙasar Ostiriya, ya yi rubutu a kan mutanen da nasara take rusawa. Ya kawo labarin wani malamin jami'a da ya shafe shekaru yana burin gadon kujerar malaminsa. Da lokacin ya yi, aka shaida masa shi aka zaɓa, sai ya fara ja da baya, yana cewa bai cancanta ba, har ya faɗa cikin ƙuncin da ya hana shi aiki na wasu shekaru. Freud ya danganta abin da jin laifi da ke ɓoye a zuci. Ba kowa ya yarda da bayaninsa ba, amma wanda ya taɓa zama da irin wannan mutum ba zai musa labarin ba.

Gwajin da ya fi dacewa da mu ɗalibai shi ne wanda Steven Berglas da Edward Jones suka wallafa a Amurka a 1978. Sun ba wasu ɗalibai tambayoyin da za a iya warwarewa, wasu kuma aka ba su waɗanda mafi yawansu ba su da amsa, sai dai cinke. Bayan haka aka shaida wa kowa cewa ya yi ƙoƙari ƙwarai. Sannan aka ce za a sake wata jarrabawar, amma kafin nan kowa ya zaɓi ɗaya daga cikin magunguna biyu: ɗaya an ce yana ƙara kaifin tunani, ɗayan kuma yana dakushe shi. A gaskiya magungunan ba sa yin komai. Waɗanda suka san da guminsu suka ci sun fi zaɓen mai ƙara kaifi. Waɗanda aka yaba wa a kan abin da su kansu ba su san yadda aka yi suka ci ba, musamman maza, su ne suka fi karkata ga mai dakushewa.

A tsaya a nan a duba hikimar da ke cikin wannan wauta. Wanda ya sha mai dakushewa ya tsare mutuncinsa ta fuska biyu. In ya faɗi, laifin magani ne. In ya ci, to shi gwani ne da ko magani bai kayar da shi ba. Abin da ba zai iya jurewa ba shi ne ya yi iyakar ƙoƙarinsa sannan ya faɗi, domin a nan babu sauran mafaka. Ɗalibin da muka fara da shi ba ya buƙatar magani. Hirar dare ta ishe shi. Haka ita ma wadda mai duba kundinta ya yaba wa babi na ɗaya, sai ta yi wata biyu tana kewaye ofishinsa da babi na biyu a jaka.

A 2014 Mohsen Joshanloo da Dan Weijers sun nazarci yadda al'ummu daban-daban suke ɗari-ɗari da farin ciki. Daga cikin dalilan da suka tattaro akwai imanin cewa murna takan janyo mummunan abu a bayanta, da cewa takan ɓata halin mutum, da kuma cewa bayyana ta yana jawo hassada ko ya ɓata wa wasu rai. Sun nuna ba ko'ina ne ake ɗaukar farin ciki a matsayin babban burin rayuwa ba, kamar yadda ake yi a ƙasashen Turai da Amurka.

Yadda abin yake fitowa a bakinmu

Dalilan nan ba baƙi ba ne gare mu. In hira ta yi daɗi dariya ta yi yawa, ba a rasa wanda zai ce "Allah dai ya sa alheri", kamar dariyar bashi ce da za a biya da kuka. Tsoron kambun baka kan sa a ɓoye ciki har sai ya fito da kansa, a ɓoye tafiya har sai an isa. Kunya ma ta hana uwa nuna murna da ɗan fari a gaban mutane. Ba na cikin masu cewa duk wannan ci baya ne. Kawaici ado ne, kuma wanda ya rage murnarsa a gaban abokin da ya faɗi jarrabawa ya yi abin kirki. Amma ɓoye alheri daga idon mutane daban, korar alherin daban. Wanda ya ɓoye takardar samun gurbin karatu har sai ya yi rajista, mai taka-tsantsan ne. Wanda ya bar ranar rajistar ta wuce da gangan, shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Karin magana ma takan zama mafaka. "Da muguwar rawa gara ƙin tashi" gaskiya ce a muhallinta, sai dai an yi ta ne don wanda rawarsa za ta jawo abin kunya. Mai zagon ƙasa ga kansa yakan ara ta tun bai gwada rawar ba. Wani kuma yana da dalilin da ya fi wannan nauyi: wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Wanda aka yi masa rasuwa a makon da ya ci wata babbar jarrabawa, ko wanda ya tashi a gidan da ba a yabo sai gori, zuciyarsa takan ɗaure murna da masifa wuri ɗaya, alhali haɗuwa kawai suka yi.

Yanzu sai nahawu. A saurari yadda irin wannan mutum yake raba wakilan suna. In ya ci, sai ya ce "an ba ni", ko "sa'a ce kawai". In ya faɗi, sai ya ce "na faɗi", "ni dama ba na iyawa". Nasara ta tafi ga "an" wadda ba ta nuna mai aiki, faɗuwa kuma ta zauna a kan "na". Da wannan rabo, ko sau goma ya ci ba zai taɓa jin nasarar tasa ce ba, sai ya zama kamar ɗaliban Berglas da Jones da aka ba tambayoyi marasa amsa.

Sai jimlar sharaɗi. Waɗanda suke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu sukan sha wahalar rarrabe "da" guda uku da rubutu ya haɗe: mai gajeren wasali ta "ni da kai", da mai faɗuwar karin sauti ta "mutanen da", da mai dogon wasali da karin sauti ƙasa ta "da na sani". Wannan ta ukun ita ce gidan mai zagon ƙasa. "Da na yi karatu da na ci" sharaɗi ne da bai auku ba, saboda haka ba wanda zai iya ƙaryata shi. Mutum yana iya zama gwani a cikin wannan jimla har ya tsufa. "Idan" kuwa ƙofarta a buɗe take: "idan na yi karatu zan ci" magana ce da gobe za ta iya gaskatawa ko ta ƙaryata. Shi ya sa take ban tsoro.

Hanyar fita

A nan nahawu da binciken masana suka haɗu. Peter Gollwitzer, masani ɗan ƙasar Jamus, ya nuna cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri, cikin siga ta "idan kaza ya faru, to zan yi kaza", ta fi cika a kan niyyar "zan yi" kawai. A wani gwaji da shi da Veronika Brandstätter suka wallafa a 1997, an nemi ɗalibai su rubuta rahoto a kan yadda suka yi jajiberin Kirsimeti cikin kwana biyu da wucewarsa. Waɗanda aka sa suka faɗi yaushe da kuma a ina za su rubuta, adadin masu cikawa a cikinsu ya ninka na sauran fiye da sau biyu.

To sai a gwada. Ɗalibi ya ɗauki "da" ɗaya da ya saba fakewa da ita ya juya ta: "Idan an fito lakcar ƙarfe goma ranar Talata, to zan miƙa babi na biyu, ko da bai gamsar da ni ba." Sharaɗin ƙarshen nan yana da muhimmanci, domin jiran sai aiki ya zama ba aibi shi ma ƙin tashi ne. Haka in an yaba masa, ya ce "na gode" ya yi shiru, kada ya bi yabon da "ai ba wani abu ba ne". Zai ji nauyi a karon farko, kamar ya sa rigar aro.

Ga masu jin cewa kuka na biye da dariya, akwai aikin da ya yi kama da tattara bayanai a fagen nazari. A ware shafi ɗaya na tsawon wata guda, duk ranar da aka yi farin ciki a rubuta, washegari a rubuta abin da ya biyo baya. Ƙwaƙwalwa takan riƙe rana ɗaya da masifa ta biyo murna ta mance da sauran da ba abin da ya faru, amma takarda ba ta mantuwa. Idan kuwa abin ya wuce haka, har mutum ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice, to wannan ya fi ƙarfin gyaran jimla, sai a nufi asibitin makaranta ko ofishin masu ba ɗalibai shawara.