Mu Koyi Turanci: Times a day

Darasinmu na wannan wata a kan wasu kalmomi uku ne da muke yawan gani a jikin kwalbar magani: times a day. Ana faɗinsu kamar haka: tayims e de. Ma'anarsu ita ce sau kaza a rana. Kullum lamba ce take fara zuwa, sannan su biyo baya.

Three times a day: sau uku a rana.
Four times a day: sau huɗu a rana.

Sau ɗaya da sau biyu suna da nasu kalmomi daban. Once, wato wans, shi ne sau ɗaya. Twice, wato tuwayis, shi ne sau biyu. Ga misali:

I milk the cow twice a day.
Ina tatsar saniya sau biyu a rana.

Yanzu ku dubi waɗannan jimloli biyu da kyau:

Take one tablet three times a day.
Sha ƙwaya ɗaya sau uku a rana.

Take three tablets once a day.
Sha ƙwaya uku sau ɗaya a rana.

Duka biyun ƙwaya uku ne a rana, amma ba ɗaya suke ba. Lambar da ke kusa da tablet ita ce yawan ƙwaya. Wadda ke kusa da a day ita ce sau nawa za a sha. Wanda aka rubuta masa jimlar farko, ya haɗiye uku lokaci guda, ya ninka maganinsa har uku. Wannan na iya cutar da babba, balle yaro.

A maganar magani, day na nufin dare da rana, wato awa 24. Sau uku a rana ya kama duk bayan awa 8 ke nan, misali ƙarfe 6 na safe, 2 na rana da 10 na dare. Sau biyu kuwa, bayan awa 12.

In rubutun ya shige maka duhu, tambayi malamin asibiti kafin ka bar wurin. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin gida: rubuta ma'anar waɗannan da Hausa, ka nuna wa malamin ajinku.

1. Take two tablets twice a day.
2. Feed the goats three times a day.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya.