Darasin Tarihin Gari: Tumfure

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta a Tumfure, ran nan ina cikin darasin labarin ƙasa sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, mu nan 'yan Gombe ne ko 'yan Akko?" Na yi tsuru-tsuru. Ni da na haddace kogunan Turai, ga shi yaro ya kā da ni a ƙofar gida. Na ce masa ya ba ni mako guda.

To, ga abin da na samo, ko zai amfani 'yan'uwana da za su fita gwaji bana.

Tumfure tana yamma da Gombe, a bakin hanyar Bauchi. Baƙo ba zai iya nuna inda birni ya ƙare ita ta soma ba, amma a wajen mulki tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Akko ce, wadda hedkwatarta ke Kumo, can kan hanyar Yola. Watau tambayar yaron tana da tushe.

Dalili kuwa sai an koma baya. Modibbo Buba Yero ne ya kafa sarautar Gombe a zamanin jihadin 1804, mazauninsa kuma Gombe Abba ne, kusa da kogin Gongola. Turawa suka mai da hedkwata Nafaɗa a 1913, sa'an nan Doma a 1919, ita ce Gomben yau. Auduga da gyaɗa suka jawo 'yan kasuwa, jirgin ƙasa ya iso a 1963. Amma abin da ya taɓa Tumfure sosai shi ne ranar 1 ga Oktoba 1996, da aka cire Jihar Gombe daga Bauchi. Ma'aikata suka yi ta zuwa, kowa yana neman wurin kwana, ƙasar birnin kuwa ƙanƙanuwa ce. Sai gari ya tumbatsa ya haye iyaka. Aka gina gidaje irin na Leba Kwatas, gonaki suka zama fuloti.

Ban karanta wa yara wannan daga allo ba, gama da sun yi barci. Na aike su gida da tambaya guda: kowa ya tambayi tsohon gidansu a ina aka haife shi. Da muka ƙirga, waɗanda kakanninsu suka tashi a nan ba su cika yatsun hannu ba. Akwai Fulani, da Tangale, da Tera, da Waja, da Hausawa, har da mutanen Kudu. Wata yarinya ta ce kakanta ya nuna mata wani shago, ya ce nan ne ya kan ɗaure shanunsa. Ajin ya fashe da dariya, ita kuwa ba ta yi ba.

Kashegari muka fita muka zana taswira a kan yashi: ga titi, ga kasuwa, ga masallaci, ga coci. Muka tsaya a bakin wani kwari da ruwa ya haƙa. Na nuna musu yadda rufin kwano ke zubo ruwa gaba ɗaya a kan ƙasa mai rairayi, ba itace ba ciyawar da za ta riƙe shi. A ganina wannan ya fi sunayen sarakuna gaggawa, domin gidan wani ɗan ajin taku kaɗan ne daga bakin ramin.

Yaron nan mai tambaya na ba shi amsarsa ran Jumma'a. Ya saurara, sa'an nan ya ce, "To, Malam, wa za mu gaya wa maganar kwarin, Kumo ko Gombe?"