Sharar Wani a Ƙofar Wani

Karatu: Farawa 2:15

Shekara da shekaru Amurka da Turai suna sayen kaya masu araha daga Sin, jiragen ruwa kuma su koma can ɗauke da sharar roba. 'Yan kasuwa sun ci riba, talakawan da ke tsintar sharar kuwa suka sha hayaƙi da gurɓataccen ruwa. A 2018 Sin ta hana shigo da ita, sai aka karkata zuwa Malesiya da Tailan.

'Yan'uwa, ciniki ba zunubi ba ne. Amma Allah ya ba Adamu aiki biyu: noman gona da kiyaye ta. Ribar da ta cinye lafiyar maƙwabci ba albarka ba ce. Kai fa, ina kake zubar da taka sharar?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba shugabannin duniya tsoronka, ka koya mana ƙaunar maƙwabci. Amin.