Tsatsar Da Ke Kama Guba A Ruwan Sha

Mu masu aikin tace ruwa mun saba jin magana guda daga jama'a: "Ai ruwan garau yake, kuma mun tafasa." Tafasawa da kulorin ƙwayoyin cuta suke kashewa, dalma da arsenik kuwa ba rai gare su ba balle a kashe su. Ba a ganinsu, ba a jin warinsu, kuma in ruwa ya daɗe a kan wuta sai ya ragu, gubar ta ƙara taruwa a abin da ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kowannensu a maikirogiram 10 cikin lita guda. Bangaladash ta ɗanɗana kuɗarta: an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse don guje wa ciwon gudawa, sai a 1993 aka gano ruwan da yawa daga cikinsu na ɗauke da arsenik.

Hanyar da na fi ba ƙarfi ita ce tacewa da lantarki. Ana tsoma farantan ƙarfe cikin tankin ruwa, a sakar musu wuta kaɗan. Farantin da ke gefe guda sai ya riƙa narkewa a hankali, iskar da ke cikin ruwan ta mayar da ƙarfen tsatsa. Ruwan yakan koma ja kamar na kududdufi, wanda bai sani ba sai ya ce ya lalace, alhali a lokacin ne ƙwayoyin tsatsar ke damƙe gubar. Sai a zuba ɗan alif, laka ta kwanta, a tace na sama. Ashok Gadgil da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli sun kafa irin wannan tashar a wata makarantar sakandare a Dhapdhapi, jihar Bengal ta Yamma a Indiya. Ta fara aiki sosai a 2016, tana iya tace lita 10,000 a rana.

Wani zai ce ina wutar take a ƙauye? Irin wutar da farantin sola ke bayarwa ita ce na'urar ke buƙata, ƙarfen kuma kowace kasuwa akwai shi. Wani zai ce to lakar fa? Wannan tambaya tana da nauyi, domin gubar tana nan cikin lakar. In aka watsar da ita a bayan gari, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dole a killace ta, a kuma sami mai kankare farantan in sun yi ɓawo, a riƙa gwada ruwan a kai a kai.

Kada kuma a ɗora wa na'ura abin da ya fi ƙarfinta. Gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 yawanci daga ƙurar dakan dutsen zinare a cikin gidaje ta fito, sai da aka kwashe ƙasar tsakar gida. Duk garin da ke kusa da wurin haƙar ma'adinai ya kamata ya fara kai ruwan rijiyarsa gwaji, domin sakamakon ne zai nuna ko tankin lantarki ake buƙata ko shebur.