DARASI: MAN BWAT OTOMATIK, JA BA DUKA ƊAYA BA NE



Motoci masu canza bitesi da kansu sun shigo karkara. Da su ake kai albasa kasuwar Galmi, da su ake kai mara lafiya likita. Bara na ga motar wata ƙungiya ta tsaya bisa hanya da buhunan albasa, rana ta ɓata rabin kaya. Dalili: an zuba ma bwat ɗinta man da ba nata ba.

1. Mine ne aikin man?

Cikin bwat otomatik, wato akwatin giya, mai ne ke kai ƙarfin inji. Shi ke matsa fayafayan da ke kamawa da saki in za a canza bitesi, shi ke sanyaya ƙarafa. In ya cika kauri ko santsi, kamun fayafayai ya ɓaci.

2. Wane za ku saya?

Kada launi ya ruɗe ku. Yawancinsu ja ne, amma haɗinsu daban. Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da Dexron a 1967, Ford ya fito da Mercon a 1987. Toyota na da T-IV, tana da WS wanda ya fi shi ruwa-ruwa. Ba a sa wani madadin wani. Bwat irin CVT kuma man ta daban ne. Man inji da man 80W-90 na bwat ɗin hannu ba su shiga nan ko kaɗan.

Ku duba littafin mota. In ya ɓace, ku duba sandar awon mai, sau da yawa sunan na rubuce bisa kanta. Ku sayi bido rufaffe mai wannan suna. Ku bar na kwalba da ake aunawa bakin hanya.

3. Alamun man da bai dace ba

- Kun sa D, mota ta jima ba ta ɗauka ba.
- Inji na kuka, gudu bai ƙaru ba.
- Bitesi na shiga da bugu, ko mota na makyarkyata.

4. Yadda ake awo

Ga yawancin motoci masu sandar awo: ku yi 'yar tafiya mai ya yi zafi, ku tsaya wuri mai daidai, ku sa P, inji na aiki. Ku zaro sanda, ku goge da tsumma mai tsabta, ku mayar, ku sake zarowa. Mai ya tsaya ga alamar HOT. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ku kai ma makanike.

Zafin watan Afrilu, rairayi da kaya masu nauyi suna gajiyar da mai da wuri. Ku duba shi kafin jigilar kaka. Kuɗin bido ɗaya bai kai kuɗin bwat ba.

Allah shi ba mu damana mai albarka.